Tiyon mai na Fijo 504 ya tsattsage: wanne zan saya, kuma yaya ake canza shi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da Fijo 504 mai kafireta, haɗin Kaduna, wadda na gada wurin mahaifina. Kwanan nan kullum da safe in na shiga inda take kwana sai warin fetur ya tare ni, kuma in ta yi kwana biyu ba a tashe ta ba sai an sha wuya take kamawa. Na buɗe bonet na ga tiyon da ya tashi daga famfon mai zuwa kafireta ya tsattsage, bakinsa a jiƙe. Bakanike ya yanke bakin, ya mayar, ya ɗaure da waya. A kasuwa an nuna mini farin tiyo irin na janareta, an ce zai yi. In saya? Kuma zan iya canzawa da kaina?" Wani mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifi, Ya kai haske kabarinsa. Tambayarka ta kasu uku: me ke jawo warin, wane tiyo ya dace, sannan ko aikin na gida ne. Kafin komai, ajiye motar nan har a gyara, kuma fitar da ita daga rufaffen wuri. Kada ka sayi farin tiyon. Wayar da aka ɗaure ma a cire ta. Aikin kuwa za ka iya yin sa da hannunka cikin awa biyu ko uku in kana da natsuwa, amma da sharaɗin ba guntun da ka gani kaɗai za ka canza ba, duk wata roba da fetur ke bi ta cikinta a motar.

Hanyar da mai ke bi

An fara fitar da 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna kuma ya fara haɗa motocin Fijo a 1975, ya ci gaba da 504 har cikin shekarun 2000. Ko wace shekara aka haɗa taka, robar da ta zo da ita ta daɗe da cinye kwanakinta, waɗanda aka sa daga baya kuma ba a san irinsu ba.

Tanki yana baya. Daga bakinsa akwai guntun tiyo da ke haɗa shi da dogon bututun da ya bi ƙarƙashin mota zuwa gaba. A gaba wani tiyon ya karɓa ya kai wa famfon mai, wanda kamshaf ke motsawa, daga famfo kuma wani ya hau zuwa kafireta, galibi da filta a wani wuri a tsakani. Ban da waɗannan akwai ƙaton tiyon wuyan tanki inda ake zuba mai, da siririn tiyon numfashin tanki, a wasu motocin kuma da na mayar da rarar mai baya.

Abin lura shi ne famfo ya raba hanyar gida biyu, kuma kowane ɓangare da irin ciwonsa. Daga tanki zuwa famfo tsotso ake yi. Tsaga a nan ba lallai ta ɗigar da mai ba in inji na aiki, iska take ja. Sai mota ta riƙa shaƙewa a kan tudu ko in an taka ta da kyau, in ta kwana kuma man da ke cikin layi ya sulale ya koma tanki, da safe famfo ya yi ta tsotson iska. Daga famfo zuwa kafireta kuwa turi ake yi. Ƙarfinsa kaɗan ne, psi 3 zuwa 5 a ma'aunin ƙarfin turi, alhali mai faci yana sa wa tayarka wajen psi 30. To amma wannan ɗan ƙarfin ya isa ya fesa fetur siriri kamar zare ta tsagar da ido da ƙyar yake gani, a wurin da distiributa da wayoyin fulogi ke tartsatsi. Nan ne naka ya tsage, shi ya sa na ce a ajiye ta.

Me ke kashe robar

Tsohon tiyon mai da robar naitiril ake yin cikinsa. Akwai sinadarin da ake cakuɗa mata don ta yi laushi, fetur kuwa yana wanke shi sannu a hankali. Zafin inji da zafin rana irin namu suna gasa ta daga waje. Motar da ake ajiyewa ta fi saurin cin tiyo a kan wadda ake hawa kullum, domin roba takan kumbura in ta sha mai, in ta bushe ta tsuke, wannan kai-komon ne ke tsattsaga ta. Sannan man yau ba irin na shekarun 1970 ba ne. A ƙasashe da yawa ana gauraya fetur da etanol har kashi 10 cikin 100, a Najeriya ma a watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima. Dukansu biyu suna cin tsohuwar roba. Man bumburutu da ba a san abin da aka zuba masa ba shi ma haka.

Roba ba daga waje kaɗai take mutuwa ba. Cikinta yana ɓarɓashewa, baƙaƙen ɓurɓushi su bi mai su maƙale a allurar da ke tsayar da mai a kwanon kafireta. Allura ta kasa rufewa, kwano ya cika ya tumbatsa, fetur ya gangaro kan inji. Tiyon nan mai rigar zare a waje ya fi yaudara: zaren yana rufe tsaga, kuma yana shan mai kamar lagwani. In ka matsa shi da yatsa ka ji danshi ko yatsan ya ɗauki wari, ya gama aiki.

Dabarar yanke baki a mayar tana fitar da mutum daga daji zuwa gari, iyakarta ke nan. Abin da ya tsaga bakin ya riga ya bi tsawon tiyon gaba ɗaya, kuma yankewar ta rage tsayinsa, yanzu a miƙe yake, inji na jijjiga yana fizgarsa. Waya kuwa wuri ɗaya take matsa, tana yanka busasshiyar roba kamar yadda zare ke yanka sabulu.

Tunda ban ga motar da idona ba, ba zan ɗora wa tiyo laifin komai ba. Wahalar tashi bayan kwana biyu tana iya zama man kwanon kafireta ne ke ƙafewa saboda zafi, ko bawul ɗin cikin famfo sun gaji. Akwai gwaji ɗaya da nake so ka yi tun yau: zaro sandar gwada baƙin mai ka shinshina. In ka ji fetur, ko ka ga man ya tsinke ya haura alama, fatar cikin famfo ta huje tana zubar da fetur cikin inji. A wannan hali sai an canza famfo da baƙin mai duka, sabon tiyo ba zai magance shi ba.

Tiyon da za ka saya

Tiyon mai na gaske baƙi ne, mai kauri, kuma da rubutu a jikinsa daga farko har ƙarshe. Nemi wanda aka rubuta wa SAE J30, wato sunan ƙa'idar ingancin tiyon mai, da lamba a gaba. R6 da R7 na motoci masu kafireta ne, suna ɗaukar har psi 50 a ƙananan girma, sun fi ƙarfin famfonka nesa ba kusa ba. R9 an yi shi don motoci masu injekta, yana ɗaukar psi 100, amma ba don ƙarfin nake son sa ba. A cikinsa akwai siririn shimfiɗi na wata roba daban wadda etanol ba ya ci, kuma tururin mai ba ya ratsa ta sosai. A ƙa'idar, an yarda R7 ya fitar da tururi har giram 550 a kowace murabba'in mita a yini, R9 kuwa 15 kacal. Wannan bambancin hanci yana jin sa a gareji. R14 ma yana da irin wannan kariya a ƙaramin ƙarfi. Kayan Turai sukan zo da tasu lambar ƙa'idar, DIN 73379. In ka sami R9 na ƙwarai, shi za ka ɗauka ko da kuɗinsa ya ninka, domin mita biyu kawai kake nema. In babu, R7 sabo ya wadatar, sai dai ka san zai riga shi tsufa.

A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za ka ga iri-iri, kuma rubutu ba wuyar bugawa gare shi ba. Saboda haka ka ce a yanka maka bakin ka duba. Na kirki hawa uku ne: robar ciki, saƙar zare a tsakiya, robar waje, ramin kuma a tsakiya daidai. Lanƙwasa shi sosai a haske, in ƙananan tsaga sun buɗe a bayan lanƙwasar ya tsufa a kanti. In kana da shakka sayi ɗan taƙi ɗaya, toshe ƙasansa da kusa mai kauri, cika shi da fetur, jingine shi a waje nesa da wuta kwana uku. Tsaga shi ka duba ciki. In ya yi danƙo, ya kumbura, ko yana barin baƙi a yatsa, bar musu kayansu. Ciki za ka gwada, kada ka tsoma shi duka a mai, domin robar waje ko ta R9 ba a yi ta don zama cikin fetur ba. Na nutsewa cikin tanki R10 ne.

Farin tiyon da aka nuna maka leda ce. Fetur na busar da ita cikin 'yan watanni ta yi tauri kamar kara, bakinta ya saki. Zafin inji na sa ta laushi, in wuta ta taɓa ta kuma nan take take narkewa ta buɗe wa mai hanya. Araha ba ta ado. Haka tiyon ruwa, da na tukunyar gas, da siririn baƙin nan na iska marar zare a ciki, duk ba su da wuri a layin fetur.

Girma da kilif

Yawancin yoyon da ake gani bayan an sa sabon tiyo daga girma yake. Kada ka auna tsohon tiyo, bakinsa ya riga ya buɗe. Ƙarfen da tiyon ke hawa za ka auna, a miƙaƙƙen wurin da ke bayan ɗan tudun bakinsa. In babu ma'auni, sifana mai buɗaɗɗen baki ta isa: gwada lamba 6, 7, 8, wadda ta shige cif ita ce girman. A irin waɗannan motoci milimita 6 da 8 aka fi samu. Auna kowane baki daban, na tanki, na bututu, shiga da fitar famfo, da na kafireta, saboda a shekaru masu yawa an sha canza famfo ko kafireta da na wata mota. Ramin tiyo ya zama daidai da ƙarfen ko ya gaza shi da rabin milimita. Masu sayarwa sukan kira da inci: 5/16 milimita 7.9 ne, ya zauna daram a kan 8. Amma 1/4 milimita 6.35 ne, a kan 6 yana ɗan sako-sako. Tiyon da ya shige ba tare da ka yi ƙoƙari ba ya yi yawa, kuma matse kilif ba ya gyara wannan, tattare robar kawai yake yi ya bar wa mai hanya a gefe.

Kilif mai ramuka a jikin ɗamararsa, wanda ake sa wa tiyon lagireto, bai dace da siririn tiyo ba. Ba ya zagayewa daidai, gefen sukurun a miƙe yake, ramukan kuma suna cizon roba. Nemi na mai, mai sumul ɗin ɗamara da ɗan noti da sukuru, wanda ke matsa ko'ina daidai. Da kaurin wajen tiyo ake zaɓensa: mai ramin 6 yakan ɗauki kilif 11 zuwa 13, mai ramin 8 kuma 13 zuwa 15, amma tafi da guntun tiyon ka gwada. Sayi goma, da sabuwar filta.

Yadda ake aikin

Da safe, inji a sanyaye, a fili inda iska ke kaɗawa. Duba kewaye: ba murhu, ba mai shayi, ba mai walda, ba janareta a kunne, ba mai shan taba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi kamar ruwa, yana iya tafiya mita da yawa ya sami wuta ya dawo da ita. Don haka ne ba na son a yi wannan aiki a ramin gareji, can yake taruwa. Ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da hannu, wadda dama jami'an kiyaye haɗura ke tambaya a hanya, da bokitin yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Cire kan batir na nagetif. Fitila ta zama tocila mai LED. Ya fi sauƙi in man tanki bai kai kwata ba. Buɗe murfin tanki iska ta fita, ka mayar. Ɗauki hoton kowane tiyo da wayar hannu kafin ka taɓa shi, kuma ɗaya bayan ɗaya za ka canza, don kada shiga da fitar famfo su rikice maka.

Fara da na sama, famfo zuwa kafireta. Sa tsumma a ƙasa, kwance kilif, ka murɗa tiyon a hankali ya saki. In ya ƙi, kada ka ja da ƙarfi, kada ka sa sukudireba ka banƙare. Tsaga bakin a tsaye da reza, a hankali yadda ba za ta karce ƙarfen ba, ka ɓare shi. Dalili shi ne ɗan bututun tagulla da ke jikin kafireta da na famfo a yawancinsu dannawa aka yi, ba zare gare su ba. Fizga tana sassauta su. Da tiyo ya fita, kama bututun da yatsu biyu ka girgiza. In ya motsa ko ya juya, tsaya nan, a kai wa mai gyaran kafireta ya zaunar da shi da kyau ko ya yanka zare ya sa mai ɗauri. Bututun nan in ya fice mota na tafiya, famfo zai ci gaba da watsa fetur kan inji, domin injin na ci gaba da aiki da man da ya rage a kwanon kafireta, kuma tsofaffin motoci da yawa ta nan suka ƙone. Na fi damuwa da wannan ɗan ƙarfe a kan tiyon kansa.

Goge bakin ƙarfe ya yi sumul. Yanka sabon tiyo da wuƙa mai kaifi, yanka ɗaya a miƙe, ka ƙara santimita 2 ko 3 a kan tsayin da ake buƙata, musamman wanda ya tashi daga jikin mota zuwa famfo, domin inji yana rawa a kan kujerunsa, jikin mota kuwa a tsaye yake. Kada kuma ya yi tsayin da zai riƙa lilo. Hura shi da famfon taya don ƙura ta fita. Zura kilif tukuna, shafa ɗigon fetur ko ɗigon baƙin mai a bakin ƙarfe, ka tura tiyo ya wuce tudun da santimita 2 ko fiye. Ban da giris, ban da gam ko silikon, fetur na narkar da su su tafi su toshe jet, ƙananan ramukan da mai ke fita ta cikinsu a kafireta. Kilif ya zauna a bayan tudu, ba a kansa ba, a bar milimita 3 zuwa 5 na roba a bayansa. Matsa har tiyo ya daina juyawa in ka murɗa da hannu, ka ƙara kaɗan. In roba ta fara bultsowa ta gefen kilif, ka wuce.

Bi da tiyon inda ba zai taɓa komai mai zafi, mai kaifi ko mai juyawa ba. Tsakaninsa da manifol, wato bututun da hayaƙi ke fita daga inji, ko salansa a sami aƙalla santimita 10. Lanƙwasa ta zama mai faɗi, in ya karye a kwana ya toshe mai. Inda ya ratsa ƙarfe a sa masa zoben roba. Filta tana da kibiya, ta kalli inda mai ke tafiya. Ni na fi son ta kafin famfo, ta kare shi daga tsatsar tanki, kuma in ta fashe a can ba feshi za ta yi ba. In dole sai tsakanin famfo da kafireta, ta zama ta ƙarfe kuma a ɗaure ta a jikin wani abu, kada nauyinta ya rataya a wuyan bututun tagullar nan.

Na baya sai an ɗaga mota. Sa giya, ja birkin hannu, tare tayoyin gaba, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Yanka sabon guntun ka sa masa kilif tun kafin ka cire tsohon, ajiye kwanon ƙarfe a ƙasa, kuma kauce da fuskarka daga saitin bakin, mai zai zubo. Kana nan ƙasa, bi dogon bututun da tocila, musamman ƙarƙashin maƙalansa inda laka ke kwana. In ka ga tsatsa ta ci rami ko danshi, a canza bututun, kada a cike gurbinsa da mita uku na roba, kada kuma a sa jan ƙarfe zalla, jijjiga na sa shi tauri ya tsage.

Wani abu da ya zama ruwan dare a garejinmu: a sa baki a tsotsi mai don ya taso, ko a guntsa a fesa a kafireta. Ina roƙonka kada ka yi, kada ka bar yaron gareji ya yi maka. Fetur kaɗan in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana ƙona shi, yana kai mutum asibiti. Zuba mai a maƙogwaron kafireta ana kik shi ma yana sa wuta ta yi tsalle ta fito.

Gwaji

Kwashe tsummokaran da suka jiƙe ka kai su nesa, bar wurin ya sha iska, sannan ka mayar da batir. Yi kik na daƙiƙa 10, huta rabin minti, sake yi. Layin babu mai, sau uku ko huɗu ba abin damuwa ba ne. In famfonka yana da ɗan hannu a ƙasa, danna shi har ka ji ya yi sako-sako, kwano ya cika ke nan. Da ta tashi, wani ya zauna kusa da makulli, kai kuma ka bi kowane haɗi da farar takarda mai laushi, ka kiyaye fanka da bel. Ido yana iya kuskure saboda fetur na bushewa da sauri, takarda ba ta ɓoyewa.

Bar ta ta yi zafi sosai, ka kashe, ka tsaya a kanta minti goma. Mutane da yawa nan suke rufe bonet su tafi, alhali a wannan lokacin ne zafi ke taruwa, man da ya maƙale tsakanin famfo da kafireta ya kumbura, haɗin da bai zauna ba ya fara naso. In ta huce sake taɓa kilif, bayan mako ɗaya ma haka, sabuwar roba tana kwanciya a ƙarƙashinsa. Daga nan, duk canjin baƙin mai ka lanƙwasa tiyon ka duba. R7 ba na barin sa ya wuce shekara huɗu ko biyar a zafinmu ko da ya yi kyau a ido. Rubuta watan da ka canza a cikin murfin bonet.

Ranar da ka fara cika tanki, leƙa ƙarƙashin wuyansa da cikin but. In wari sai an cika yake tasowa, ƙaton tiyon wuya ne, ko na numfashi, ko robar da ke ƙarƙashin murfin gejin mai. In kuwa jikin tankin ne ke naso, wannan ya fi ƙarfin aikin gida. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari a gaban wuta, domin tururi ne cike da shi, kuma ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da shi. A sauke shi a kai wa masu wannan sana'a, ko a nemi wani tankin mai lafiya a sa.